Kilt na yawon yau da kullum: wane yadi ne zai yi ƙarko?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni zama a ƙasar nan ta Sikotilan. Shekarata huɗu a Glasgo ina aikin jinya, kuma duk hidimar da abokan aikina za su yi, biki ne ko zuwa kallon ƙwallo a Hampden, sai in ga ni kaɗai ne da wando, kowa da kilt, wato zanen nan mai tattara a baya da mazan ƙasar suke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa. Ba wanda ya taɓa matsa min, ni ne dai abin ya kwanta min a rai, don mutanen nan sun riƙe ni da amana. Bara da na kai iyali Edinbara na sayi kilt a wani shago a Royal Mile, fam 35. Sau uku na sa shi. Tattarar baya ta buɗe, gaban ya yi ƙullutun zare a inda 'yar jakar da ake ratayawa a gaban kilt take gogarsa, kuma ba shi da nauyin da zai tsaya wa iska. Yanzu ina so in sayi na kirki, amma ba irin na ango mai yadi takwas ba. Na yawo nake so, wanda zan sa da rigar sanyi da takalmin tafiya, in je filin wasa ko in hau dutse ranar hutu. Masu sayarwa suna ta ce min ulu, wasu PV, wasu auduga. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Malam, tsakani da Allah siket za ka sa? Ina kaftani, ina jallabiya? In hoton nan ya isa gida me za ka ce wa su Hajiya?

Tsohon Tela:
Ɗan Zazzau, bari mu amsa masa abin da ya tambaya tukuna, sai a zo kan naka.

Baban Hanifa, ɗana, abin da ka saya akirilik ne. Ba sai na gani ba, kuɗin da alamomin da ka faɗa sun isa. Shekara ashirin da wani abu na yi ina ɗinki a Kano kafin in zo nan, yanzu kuma gyaran kaya nake yi a Edinbara, kilt yakan biyo ta hannuna kusan kowane mako. Akirilik roba ce zalla da aka kaɗa ta yi kama da ulu. Ba ta riƙe guga, ga ta da yin ƙullutun zare, sannan abin da ya fi damuna da ita wuta. In tartsatsi ya taɓa ta narkewa take yi ta manne a fata. Kar ka tsaya kusa da wurin gashin nama da wancan kilt ɗin naka. Ka zare zare ɗaya daga gezarsa ka kusanta shi da ashana, yadda 'yan Kantin Kwari suke gwada yadi: za ka ga ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri. Ulu na gaske ƙaurin gashi yake yi, ya mutu da kansa, in ka murza ya zama toka.

Su a nan da oza suke auna nauyin yadi, wato nauyin yadi guda na bandir mai faɗi biyu. Akwai oza 10 ko 11, akwai 13, akwai 16. Masaƙar Lochcarron da ke Selkirk ma ta ba kowanne suna: Reiver shi ne marar nauyi, Braeriach matsakaici, Strome mai nauyi. Kilt na asali yadi takwas yake ci, da hannu ake ɗinka shi, in da oza 16 aka yi nauyinsa ya kusa kilo biyu. Na yawo kuwa yadi biyar ne, wani lokaci huɗu, da keke ake ɗinkawa, tattarar ba ta kai yawa da zurfin na wancan ba.

Ga inda mutane suke kuskure. Sai su ce tunda na yawo ne bari a rage yadi kuma a rage nauyi. A'a. In ka rage yawan yadi, nauyin saƙar ne kaɗai ya rage maka da zai sa tattara ta zauna ta riƙa kaɗawa in kana tafiya. Yadi biyar na oza 10 zai cukurkuɗe tun kafin ka sauka daga bas. Ni shawarata yadi biyar, ulu, oza 13. In kana da hali ma 16 a yadi biyar ya fi kyau, ba zai yi maka nauyi ba.

Maman 'Yan Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni a nan zan ɗan saɓa maka. Ku maza kuna maganar kaɗawar tattara, mu kuma mu ne da wanki. Yarana biyu suna koyon busa a ƙungiyar makarantarsu a nan Abadin, maigidana ma yana da kilt ɗaya da yake sawa in za a raka su. Ulu ba ya shiga injin wanki. Ranar da miya ta zuba a na maigida sai da muka kai masu wankin zamani, kuɗin ya ba ni haushi. PV kuwa in jefa a inji da ruwan sanyi, in shanya shi a rataye, gobe a sa. Mutum ya ce filin ƙwallo zai je. Kun san abin da ake zubarwa a filin ƙwallo a ƙasar nan, ba sai na faɗa ba, kuma Musulmi ne, zai so ya wanke abinsa da ruwa hankalinsa ya kwanta.

Baban Hanifa:
Anti, wannan magana ta shige ni. Wallahi ban yi tunanin najasa ba sam. Amma shi PV ɗin mene ne bambancinsa da robar da Baba ya ce in guda?

Tsohon Tela:
Da bambanci sosai. PV gauraye ne, kashi 65 foliyesta, kashi 35 biskos, shi kuma biskos daga ɓargon itace ake yin sa. Saƙarsa matsattsiya ce, fuskarsa sumul, kuma in aka danne tattara da zafi tana zama daram ko an wanke. Mai kyaunsa yawanci daga Marton Mills yake fitowa, a Yokshaya ta Ingila. Sai dai a yi hattara, akwai masu rubuta PV a takarda alhali akirilik suka ba ka. Ka tambayi sunan masaƙar. Wanda ya kasa faɗa maka inda aka saƙa yadinsa, ka riƙe kuɗinka.

Maman 'Yan Biyu, ban ƙi taki ba, 'yata. Amma ulu bai cika son wanki ba tun asali. Ka rataye shi a iska kwana ɗaya, wari ya tafi. Laka in ta bushe buroshi ke fitar da ita. Inda najasa ta taɓa kuwa ana iya zuba ruwan sanyi a daidai wurin har ta gushe, a danna da tawul, ba a cuɗa ba a matse. Abin da ke kashe ulu ruwan zafi ne da jujjuyawar inji. Na ga kilt da jika ya gada wurin kakansa ya kawo min in matsar da maɗauri kawai. Ban taɓa ganin PV da ya yi wannan ba.

Maman 'Yan Biyu:
Baba, ai shi bai ce gado zai bari ba, na yawo ya ce. Kuma kuɗin ulu ya ninka.

Ɗan Zazzau:
Kun wuce tambayata kamar ban yi ba. Ni ba wasa nake ba. Hadisi ya tabbata a Bukhari daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata. A garinmu wa ke ɗaura abu a ƙugu ba wando in ba mace ba? Sannan gwiwa a waje. Sannan kowa ya san abin da ake faɗa, wai ɗan Sikotilan na asali ba ya sa komai a ciki. Wannan ne za mu koya wa yaranmu?

Almajirin Malam:
Ɗan Zazzau, Allah ya saka da alheri, tambayarka tana kan hanya, kuma abu uku ka haɗa.

Hadisin ingantacce ne. Amma abin da ke raba tufar maza da ta mata al'adar wuri ce, shi ya sa malamai suke komawa ga urfi a wannan babin. Manzon Allah kansa izari yake ɗaurawa. Mutanen Yaman har gobe da zanensu suke zuwa masallaci, haka Somaliyawa, haka mutanen Malesiya da Indunusiya. Alhazanmu ma da sun ɗaura harami ba wando a jikinsu. A ƙasar nan kilt tufar maza ce, ta sojoji ma, ba wanda zai ga namiji da shi ya ce ya yi shigar mata. In da a Zariya zai sa ya shiga kasuwa, da ni ma na ce ya bari, don can urfin daban ne kuma zai jawo wa kansa magana.

Batun tsiraici a ciki ba ma abin tattaunawa ba ne, Musulmi ba zai yi ba. Su kansu masu jifan gungume a wasannin Highland da masu rawa a gasa da gajeren wando suke sawa a ciki.

Gwiwa ita ce maganar gaske. Al'aurar namiji tsakanin cibiya da gwiwa take. A wurin Malikawa da Shafi'awa gwiwar kanta ba ta ciki, a wurin Hanafawa tana ciki, kuma ka san yawancin masallatan Glasgo 'yan uwanmu 'yan Pakistan ne ke riƙe da su, Hanafawa ne. Kilt a tsaye yana rufe cinya. Matsalar zama ce, da hawan bene, da ruku'u da sujada. Don haka in zai sa, ya sa wando mai kauri a ciki wanda ya sauko ya rufe gwiwa, ko ya riƙe wandonsa a jaka saboda salla.

Ɗan Zazzau:
Na ji bayanin urfi, Malam, kuma na karɓa. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Ni dai ba zan sa ba.

Almajirin Malam:
Ba wanda zai ce sai ka sa. Barin abin da zuciya ba ta natsu da shi ba ai shi ma addini ne.

Tsohon Tela:
Maganar gwiwa ta kawo mu kan awo, kuma wannan ya fi zaɓen yadi muhimmanci a wurinka, Baban Hanifa, don na tuna kai dogo ne. Kilt na kanti kusan duk tsawonsu ɗaya, inci 24. Ga mai matsakaicin tsayi ya yi, ga dogo kuwa sai ya tsaya a cinya. Kuma kilt na ulu ba a yi masa kalmasa a ƙasa, bakin saƙar ne da kansa yake zama ƙasan, daga sama ake yanke tsawo. Ka ga in an yanka ya gajarta babu abin da zan kwance in ƙara maka. Sai ka bayar a ɗinka da awonka. Awo uku ne: ƙugu daidai cibiya, ba inda kake ɗaura wando ba, sai mazaunai inda suka fi faɗi, sai tsawo daga cibiya zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Kar ka auna kanka, in ka sunkuya awon ya ɓaci. Su sun fi son ya tsaya a saman ƙoƙon ko tsakiyarsa. Kai ka ce a kai maka ƙasan ƙoƙon, inci ɗaya ne bambancin, da doguwar safa ba mai lura. Kar dai ya wuce haka, don in ya jiƙe bakin zai riƙa yankar bayan gwiwarka in kana tafiya.

Mai Hawan Dutse:
Ni ta ɓangaren tafiya zan yi magana. Na taka hanyar tafiyar ƙafa ta West Highland Way daga Milngavie zuwa Fort William, mil 96, kwana bakwai, kwana huɗu a ciki da kilt. Wanda ya ce maka auduga, kar ka saurare shi in dai dutse za ka hau. Waɗannan masu aljihuna a gefe, irin na kamfanin Utilikilts da aka kafa a Seattle a 2000, kayan Amurka ne, an yi su don masu aikin hannu. Aljihun yana da amfani, ban musa ba. Amma auduga in ta sha ruwa nauyi take yi, ta manne a cinya, ta ƙi bushewa, ga sanyi. Nan kuwa ruwa ba ya sallama. Ulu ko ya jiƙe yana riƙe ɗumi, yayyafi ma gangarewa yake a kansa kafin ya shiga. PV yana saurin bushewa amma ba ya ɗumama ka, in iska ta taso a saman dutse za ka ji ta har ƙashi.

Abu biyu da ba a gaya min ba sai da na gani. Daga Yuni zuwa Agusta akwai ƙananan ƙudajen nan masu cizo a Highlands, yankin tsaunukan arewacin ƙasar, gungu-gungu suke zuwa da yamma in iska ta kwanta, kuma kilt ƙofa ce a buɗe gare su. Na biyu kaska. Tana cikin dogayen ciyayi, tana ɗauke da cutar Lyme. Kai ma'aikacin jinya ne, ka fi ni sani. Wandon cikin da Malam ya ce ka sa saboda al'aura, shi ne dai zai tsare ka daga waɗannan.

Baban Hanifa:
Allah ya saka. To saura zane, wato tatan, layukan nan masu launi da suke gicciye juna a jikin yadin. Kowane tatan na gani sai a ce na dangin wane ne. Ni da ba MacDonald ba ba Campbell ba, ba zan shiga haƙƙin mutane ba?

Ɗalibar Tarihi:
Yaya, kwantar da hankalinka, babu dokar da ta hana kowa sa kowane tatan, ladabi ne kawai. Wannan rabon na kowane dangi da zanensa ma bai tsufa yadda ake zato ba. Bayan yaƙin Culloden a 1746 gwamnatin Birtaniya ta hana mazan Highlands sa kilt, in ban da sojojinta, sai 1782 aka ɗage dokar. Abin ya dawo da ƙarfi ne a 1822 da Sarki George na Huɗu ya ziyarci Edinbara, marubuci Walter Scott ya shirya tarbar, aka nemi manya su fito da kayan gargajiya. Masaƙa irin su Wilson na Bannockburn suka yi ta ciniki, zanen da a da lamba ce kawai gare shi a littafinsu ya samu sunan dangi. Yau akwai rajistar tatan ta hukuma da ta fara aiki a 2009, kowa na iya tsara nasa ya yi rajista.

Waɗanda kowa ke sawa ba tambaya su ne Black Watch, mai duhun kore da shuɗi da baƙi, da Royal Stewart mai ja. Akwai na garuruwa da na jami'o'i. Akwai ma tatan na Musulmin Sikotilan da Dakta Azeem Ibrahim ya fitar a 2012: shuɗi na tutar ƙasar, kore na Musulunci, fararen layuka biyar shika-shikan Musulunci, layuka shida ruwan zinare shika-shikan imani, sai baƙin murabba'i da ke nuni da Ka'aba. Kuma Humza Yousaf, wanda ya zama Ministan Farko na Sikotilan a 2023, da kilt ya yi rantsuwar shiga majalisa a 2016, har da harshen Urdu. Ba kai ne Musulmin farko ba.

Ɗan Zazzau:
Tsaya, ƙanwata. Alamar Ka'aba a jikin yadin da mutum zai zauna a kai, ya shiga banɗaki da shi? Wannan kam ko Malam ba zai ce min urfi ba ne.

Almajirin Malam:
Ba zan ce haramun ba ne, don ba rubutu ba ne ba hoto ba, haɗuwar baƙaƙen zare ce kawai. Amma tunda wanda ya tsara ya ce ga abin da yake nufi, ni ma da zan saya, da mayafin wuya zan yi da shi ko abin da za a rataya a kafaɗa. A nan ina tare da kai.

Ɗalibar Tarihi:
Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Na san dai an yi shi ne da kyakkyawar niyya, don yaran da aka haifa a nan su ji suna da nasu.

Tsohon Tela:
Zaɓen zane ma yana komawa kan yadi. PV zanensa ƙalilan ne, waɗanda aka fi saye. In ka nace wa wani tatan da ba a cika nema ba, a ulu kaɗai za ka same shi, wani ma sai an saƙa maka musamman, ka jira watanni ka biya da tsada. Black Watch kuwa akwai shi a kowane nauyi, kuma duhunsa yana ɓoye datti. In ba ka son tatan gaba ɗaya akwai tuwid, launi ɗaya, toka-toka ko ruwan ƙasa, yana kyau ƙwarai da rigar sanyi. Harris Tweed dai da hannu ake saƙa shi a gidajen mutanen tsibiran Outer Hebrides, dokar majalisa ta 1993 ce ke kare sunansa. Amma saƙarsa sakwa-sakwa ce, tattararsa ba ta yin kaifi kamar ta tatan, kuma yana da kaushi a fata.

Maman 'Yan Biyu:
To ni dai ina nan kan bakata. Mai ƙananan yara, mai zuwa filin ƙwallo, PV. In ya ga abin ya karɓe shi, baɗi ya yi na ulu.

Baban Hanifa:
Na dawo bayan mako bakwai, ga yadda aka ƙare. Anti, ki yi haƙuri, ulu na ɗauka, saboda maganar Mai Hawan Dutse, don hawan dutsen ya fi yawa a abin da zan yi da shi. Amma na yi wa Hanifa da ƙanenta odar na PV, kin ga ban watsar da taki ba. Nawa Black Watch ne, oza 13, yadi biyar, tsawo inci 26, matata ce ta auna ni kamar yadda Baba ya ce. Jiya ya iso. Tun daga ɗagawa na san ba ɗaya suke da na farko ba. Na sayi wandon ciki baƙi mai rufe gwiwa. Wancan na akirilik na gwada zarensa da ashana a bakin famfon kicin, ya dunƙule ya yi baƙin ƙullutu kamar yadda aka faɗa, na fitar da shi daga gidan. Tambaya ɗaya, Baba: akwai wani farin zare da aka bi tattarar da shi layi-layi a baya. Ado ne ko cirewa ake yi?

Tsohon Tela:
Cirewa ake yi, ɗana, an sa ne don tattara ta zauna a hanya. Ka yanke ƙullin da ƙaramin almakashi ka ja a hankali, kar ka sa reza. Tattara baya take zama, shafaffen gefen a gaba, geza a hannun dama. Allurar adon da ake maƙalawa a gaban kilt a shafin sama kaɗai ake soka ta, in ka haɗa biyun za ta yaga maka yadi. In za ka zauna ka share tattarar da hannu biyu daga baya tukuna. Guga kuma sai da ɗanyen ƙyalle a tsakani, ka danna ka ɗaga, kar ka ja. Ka rataye shi da maratayi mai matsewa, ka sa katakon sida ko kafur a kabad ɗin saboda asu, don asun gidajen ƙasar nan ulu yake nema. In hannunka na rawa kan zaren, ka shigo jirgin ƙasa ranar Asabar ka kawo min, ina shago har ƙarfe biyar.